Tarin Maƙwabci

Ƙarfe tara na safe, dusar ƙanƙara na zuba a hankali, sanyi har cikin ƙashi. Dwayne ya ajiye kwamfutar aro a kan teburin cin abinci, ya gyara wa 'yarsa Shawna wuyan riga.

Yau alƙaliya za ta ji daga bakin yarinyar ta bidiyo, ko wurin ubanta take son zama, ko a mayar da ita gidan riƙo. Sharaɗin shi ne a bar ta ita kaɗai a ɗaki. A zaman da ya wuce, ana tsaka da magana aka ji tarin namiji. Alƙaliya ta ce akwai mai kitsa wa yarinya magana, ta ɗage shari'ar har bayan Kirsimeti. Alhali tarin tsoho Merv ne na ɗakin kusa, don bangon da ya raba su bai fi kwali kauri ba.

Dwayne bai roƙe shi komai ba. Tun bara ba sa ga maciji, a kan wurin ajiye mota.

"Baba, in ya sake yi fa?" in ji Shawna.

"Ki ce agwagwarmu ce."

"Ba mu da agwagwa."

"To ki faɗi gaskiya, 'yar Baba. Ni dai na gaji."

Magatakardan kotu ya bayyana a fuskar kwamfutar. Dwayne ya ɗaga ta ya nuna masa ƙarƙashin tebur, da bayan ƙofa, har cikin banɗaki, kamar mai neman ɓera. Sannan ya fita ya zauna a matakalar waje.

Bai daɗe ba ya jiyo tarin. Sai dai tarin matsowa yake yi. Ƙofar gidan ta buɗe, Merv ya fito da bargo a kan kayan barci, ya zauna can gefe.

"Tsoho, ina za ka cikin wannan sanyi?"

"Iska nake sha. Ko ita ma taka ce, kamar wurin mota?" Ya yi tari ya huta. "Wannan bango, har minsharinka nake ji."

Ƙanƙara ta yi ta taruwa a gwiwoyinsu.

Can taga ta buɗe daga sama. "Baba, na gama. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ka shigo."

Dwayne ya haye da gudu, ko waiwaye bai yi ba. Merv ya ƙara jan bargonsa, ya ci gaba da zama, don ya san da sauran magana a ciki.