Ƙunshin Shinkafar Waliyi Ambrosiyo

Shekara talatin na yi ina share cocin ƙauyenmu a Salsete kafin in iya karanta sunana. Sai da na haura hamsin na shiga ajin manya da ake yi bayan sujadar Lahadi.

A gefen bagade, wato teburin hadaya, akwai mutum-mutumin Waliyi Ambrosiyo na katako, tun zamanin Turawan Fotugal. Kusa da ƙafarsa an sassaƙa wani abu dunƙulalle mai kama da saƙar ciyawa. Kowa a garin ya san ƙunshin shinkafa ne, irin wanda muke naɗewa mu ajiye don damina. Shi ya sa duk watan Agusta, in an yanki zangarniyar farko, gabansa ake ajiye ta, sannan a dafa wa marasa hali abinci a ƙofar coci.

Gidaje goma sha huɗu ke karɓa-karɓar wannan aiki. A shekarar ya faɗo kan Caitano, abokina tun muna kamun ƙaguwa a bakin rafi. Ya ba saba'in baya, ya kuma san da wuya ya ga wani zagayen. Har kwat ya ɗinka, ya kira 'ya'yansa daga Bombay.

Saura mako biyu, sabon limaminmu, Fada Olavo, ya same ni ina goge katakon. Yaro ne mai kirki, amma karatu bai gama huce masa ba. Ya ce abin nan amyar zuma ce, ba shinkafa ba. Wai waliyin yana jariri ƙudan zuma suka sauka a bakinsa, alamar daɗin wa'azinsa. Don haka bana shi zai sa wa zangarniya albarka a bagade, ba wanda zai kai ta gaban mutum-mutumi. Ya ba ni wani littafi na tarihin malaman coci na farko, ya ce in gaya wa Caitano, tunda na fi kusa da shi.

Na same shi yana shan kunun shinkafa da busasshen kifi.

"Piedade, kawo kujera mai kyau," ya ce wa matarsa. "Shehin malami Bostião ya iso, da littafi har a hammata."

Na gaya masa komai. Ya daɗe yana juya cokali. Piedade ta ce ita dama ta taɓa cewa ƙunshin ya yi ƙanƙanta, ko gidan gwauro ba zai riƙe ba. Bai yi dariya ba.

"Ashe shekara ɗari uku muna ɗura wa mai zuma shinkafa," ya ce. "To kwat ɗin fa, in je kamun kifi da shi?"

Na yi masa sallama. Na koma na zauna da littafin a inuwar kwakwa, ina bin layi da yatsa. Babin waliyin bai fi shafi tara ba, amma kwana biyar ya ci mini. Maganar zuma layi biyu ce kawai. Sauran duk faɗan waliyin ne da masu ɓoye hatsi talaka na kwana da yunwa, da yadda ya narkar da kwanonin zinariya na coci ya fanshi kamammu.

Na kai wa Fada, na karanta masa wurin da kaina, ina tuntuɓe. Bai katse ni ba. Da na gama na ce, "Fada, amya ce, na yarda. Amma mutumin da ya yi wannan, ina ganin ba zai ƙi shinkafar da za a raba wa mayunwata ba."

Ya karɓi littafin ya sake dubawa, ya ce shi shafin farko kawai ya taɓa karantawa, ranar jarrabawa. Sai ya yi murmushi, ya ce a bar al'ada yadda take, amma zai faɗi gaskiyar amyar a wa'azi.

Ranar bikin aka yi yayyafi. Caitano ya shigo cikin kwat ɗinsa yana gumi, 'ya'yansa a baya, ya durƙusa da ƙyar ya ajiye zangarniya. Sannan ya laluba aljihu ya fito da 'yar kwalbar zuma, ya dangana ta da katakon.

Da zai wuce ni ya rage murya. "Waliyi ya zaɓi wanda yake so. Kai kuma shehi, in tururuwa ta taru, aikinka ne."

Ta kuwa taru. Kwana uku ina sharewa.