Hannun Mai Aski

Ranar da aka cire masa zaren ɗinki, Mai Aski ya ɗauka wahala ta ƙare. An yanke ƙullutun da ya fito masa a ƙirji, an haɗa da kaluluwar hammatarsa ta dama an kwashe, kafin nan ma ya sha allurai wata shida har gashin kansa ya zube, abokan sana'a suna tsokanarsa wai ya yi tal-kwabo ba da reza ba. Ya jure. Ya jure har da kallon da mutane ke yi masa in suka ji cewa ciwon dajin nono ne ya kama namiji mai shekara sittin da ɗaya. Da ƙarfi ya dawo masa sai ya buɗe shagonsa ya ci gaba da aiki.

Bayan shekara guda, wata safiya babban yatsansa ya ƙi shiga kunnen almakashi. Ya ce ko kwanciya ya yi a kan hannun. Mako biyu sai agogo ya ƙi ɗauruwa, sannan hannun riga ya fara matse shi. Kafin wata uku hannun ya yi suntum tun daga kafaɗa har yatsu, ga nauyi kamar an rataya masa bokitin ruwa. Likitan da ya yi masa aiki ya danna fatar, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, sai ya rubuta masa takarda zuwa sashen gashi, wato wurin masu gashin ƙashi.

Sashen yana can ƙuryar asibitin, bayan ɗakin wanki. Gadaje uku ne da labule a tsakaninsu, da keken motsa jiki, da sandunan ƙarfe na masu koyon tafiya, da fanka mai ƙara. A bencin jira mata ne zalla, kowacce da hannu ɗaya a naɗe. Ya zauna can gefe yana kallon takalminsa.

Mai gashin mace ce da ba za ta wuce arba'in ba, da tef na awo a wuyanta kamar tela. Ta ɗiɗɗiga masa alama da biro a hannun, tana aunawa tana rubutawa.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Irin taki, 'yata. Ni ma da gashi nake ci."

Ta yi 'yar dariyar wadda tun safe take tsaye. "To ni dai a hannun nan ba zan gasa komai ba. Kai ma kada ka kuskura ka gasa shi da ruwan zafi, ƙara hawa zai yi."

Ta yi masa bayani a hankali. Akwai wani ruwa da ke yawo a jiki, ba jini ba, kuma kaluluwar da aka cire masa ita ce magudanarsa. Da magudana ta tafi, ruwan ya rasa hanya ya kwanta a hannu. Aikinta ta nuna masa wata hanyar: tausa kullum, sai naɗi da bandeji, sai motsa hannun a cikin naɗin, sai kiyaye fatar kada ko ƙwarzane ya same ta. In ya sauka, sai a auna masa safar hannu mai matsewa. Akwai injin da ke hura iska yana matsa hannun, za su gwada. Akwai kuma tiyata, amma ba kowa take yi wa ba, kuma ko an yi ta ba a rabuwa da safa.

"Kwana nawa zai warke?"

"Ba ya warkewa, Baba. Sauka yake yi, sai a riƙe shi kada ya koma."

"Har yaushe?"

Ta naɗe tef ɗinta. "Har kullum."



Haka aka fara, kwana biyar a mako. Ya fito da sassafe, ya hau mota biyu, ya jira layi. Tausar ma da farko ya ɗauka wasa ce, don ba a hannun take farawa ba. Daga wuya take somawa, ta koma ɗaya hammatar, ta bi ƙirji, tana jan fata sama-sama kamar mai lallaɓa jariri. Sai ta shafa mai, ta naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta sa auduga, ta bi da bandeji huɗu. In ya fito, hannun ya zama kamar filo. Cokali da hagu, maɓallin riga sai an sa masa. Shago kuwa yana rufe.

Asabar da Lahadi matarsa ce ke naɗin. Ta je sau biyu an koya mata, amma yatsunta sun daɗe da sanƙarewa da ciwon gaɓoɓi. Ita ce mai wanke bandejin, ta shanya su a inuwa, ta nannaɗe su a kan cinyarta. In ta fara sai ya ce ya yi tsauri. Ta kwance ta sake, ya ce ya yi sako-sako.

"Malam, ka zaɓi ɗaya. Hannu biyu gare ni, su ma na aro ne."

"Ita ba haka take yi ba."

"Sai ka koma gidanta da zama."

Sannan ta jawo hannun ta fara daga yatsu.

A bencin jira akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Hedimistires, ta yi shekara takwas da nata kumburin. Ita ta fara yi masa magana, ranar da ta ga yana sosa naɗin da murfin biro.

"Bari, za ka ji wa kanka. Ɗan bubbuga shi ta sama."

Ya bubbuga. "Ana sabawa kuwa?"

"Duk wanda ya ce maka ana sabawa, bai taɓa sawa ba. Ba a sabawa. Ana dai tashi a yi."

A kwana na goma sha biyu tef ya nuna hannun ya ragu da santimita uku a gwiwar hannu. Ƙashin wuyan hannunsa ya fito, ya daɗe yana kallonsa kamar baƙon da ya dawo daga tafiya. A hanyar gida ya ce bari ya biya shago ya ɗan share ƙura. Yana buɗe ƙofa sai ga Direba, wani tsohon direban babbar mota da ya shekara talatin ba wanda ke taɓa masa kai sai shi. Gemunsa ya yi buzu-buzu.

"Ka ga yadda ka mai da ni? Jikokina gudu suke in sun gan ni."

"Ga shaguna nan birjik."

"Yaran nan masu zana wa mutum taswira a kai? Gara in mutu da gashina."

Mai Aski ya dubi kujerar, ya dubi naɗin. Kai ɗaya ne, minti ashirin. Ya kwance bandejin ya tara su a kan benci. Iska ta bugi fatar, ya ji wani daɗi har cikin ransa. Almakashi ya shiga yatsa. Kafin ya gama da Direba mutum biyu sun zauna, labari ya zaga layin, sai da ya yi kai tara. Rabonsa da dariya irin ta ranar har ya manta. Wajen canza reza ne ta ɗan shafe shi a gindin babban yatsan dama, ɗigon jini ɗaya, ya goge a tawul.

Kwana biyu bayan haka ya tashi da rawar sanyi. Hannun ya yi ja, ya yi zafi kamar an ɗora a wuta. Ƙwayar cuta ce ta shiga ta wannan ɗan yankan, kuma hannun da ruwa ya kwanta a ciki ba ya iya kare kansa. Kwana shida ya yi a gadon asibiti ana sa masa magani ta jijiya, matarsa na zaune a kujerar roba. Ba ta ce masa "ai na faɗa" ba. Shi kuwa da ta faɗa ɗin da ya fi masa sauƙi.

Da ya koma sashen gashi, mai gashin ta auna, ta sake aunawa. Hannun ya wuce inda yake ranar farko. Ta jawo kujera ta zauna tana murza wuyan hannunta, sai a lokacin ya lura ita ma da ɗan bandeji a wurin. Ya shirya jin faɗa, faɗan bai zo ba.

"Da ka gaya min shago kake son komawa, Baba."

"Da kin hana ni."

"Da na hana ka," ta ce. "Laifina ke nan. Na yi ta auna hannu, ban tambayi me mai hannun zai yi da shi ba. Za mu sake daga farko, mako huɗu, ba kwancewa. In mun gama ka zo min da kayan aikinka."

Mako huɗun nan sun fi na farko tsawo, don yanzu ya san abin da ke gaba. Akwai safiyar da ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ya kasa samun dalilin sa ɗayan, sai da matarsa ta tura masa shi da ƙafarta. Injin iskan ma an gwada, bai yi masa wani abin kirki ba, aka bari. Hannun ya sauka a hankali, bai kai yadda ya taɓa sauka ba.

Ranar da safar ta iso, mai ruwan ƙasa, da ta tafin hannu mai buɗaɗɗun yatsu, ya zo da jakarsa. Mai gashin ta turo masa wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki da ya yi wata biyu ba aski. Ta tsaya da hannu a ƙugu tana kallon yadda yake aiki, yadda yake barin hannun a lanƙwashe ba hutu, yadda yake danƙe injin da ƙarfi. Da ya gama ta faɗa masa sharuɗɗanta. Reza ta fita daga hannunsa har abada, inji da almakashi kawai. Bayan kowane kai biyu ya zauna, ya ɗaga hannun sama, ya dunƙule ya buɗe sau ashirin. Aiki da safe kaɗai. Da yamma a cire safa a koma naɗi.

"Mai askin da ba ya riƙe reza," ya ce, "ai rabin mai aski ne."

"Rabin ya fi babu, Baba."

Ya karɓa, ba don ya yarda ba.

Yanzu kai huɗu yake yi, in rana ta yi kyau biyar. Masu son gyaran fuska da reza yakan tura su shagon da ke tsallaken titi, wasu sun tafi ba su dawo ba. Da azahar yake rufewa. Hannun dama har yau ya fi na hagu kauri, in aka yi zafi ya ƙara hawa, kuma akwai ranakun da ba ya buɗe shagon sam, ba don ciwo ba, sai don gajiya.

Wata yamma matarsa ta zo rabin naɗi yatsunta suka ƙage, bandejin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado yana warwarewa. Suka bi shi da ido, ba wanda ya motsa. Can ya kama hannunta da hagunsa ya fara murza mata gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya.

"Gobe zan ce mai gashin ta koya min naɗawa da kaina," ya ce.

"Da hannu ɗaya?"

"Da haƙori ma in ta kama."

Ta yi tsaki, ta bar masa hannun ya ci gaba da murzawa. Da yatsun suka saki, ta durƙusa da ƙyar ta jawo bandejin, ta kakkaɓe shi, suka ƙarasa.