Taya ta Huɗu

"Taka, Baba!"

"Na taka."

"Riƙe!"

Malama tana kwance a kan kwali gefen motar, rabin jikinta a ƙarƙashi. Ta sassauta ɗan notin da ke bayan taya, man birki ya biyo siririn tiyo ya zuba a kwalba, duk kumfa. Ta ɗaure notin.

"Saki!"

Motar ta maƙwabcinta ce, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda duk layin ke kira Baba. Shekara ashirin da wani abu yana hawanta, makanike bai taɓa ganin cikinta ba. Ba wanda ya koya masa aikin; kwancewa yake yi ya duba, ya ɓata, ya gyara. Da ciwon ƙoda ya kama shi, matarsa Mama ta koyi tuƙi da furfurarta don ta riƙa kai shi asibiti. Makon jiya ta taka birki ƙafarta ta nutse har ƙasa, da ƙyar motar ta tsaya.

Malama kuwa lissafi take koyarwa, ba ta taɓa riƙe sifana ba. Ta kan katanga ta hango sifana ta suɓuce daga hannun Baba har sau uku. Sai ta sa tsohuwar riga ta shigo.

"Ni nawa ya kusa, 'yata," ya ce mata. "Amma ba zan bar wa tsohuwar nan motar da ba ta tsayawa ba."

Jiya suka sa sababbin takalman birki. Yau saura fitar da iskar da ta shiga cikin man, aikin da sai mutum biyu: ɗaya na taka birki, ɗaya na buɗe noti.

Telan da ke tsallaken layi ya leƙo ta ƙofa, allura a bakinsa.

"Malama, duk karatun nan a ƙarƙashin mota zai ƙare?"

"Je ka gyara wuyan rigata da ka karkata, sannan ka zo mu yi maganar karatu."

Baba ya yi dariya har da tari.

Sun gama taya uku. Ta ja kwalinta zuwa ta gaba, ɓangaren direba, ta ɗaga motar da jak, ta cire tayar, ta maƙala tiyo.

"Taka, Baba!"

Shiru.

Ta miƙe. Baba ya kifa goshi a kan sitiyari, gumi ya jiƙa masa riga, numfashi na fita da ƙyar. Ta ƙwalla wa Mama kira. Tela ya taya su suka mayar da shi kujerar baya, sannan ya ruga babban titi neman mota, ga shi da nisa.

"Mayar da tayar mu tafi!" in ji Mama. "Malama, don Allah!"

Malama ta sunkuya za ta ɗauki tayar. Baba ya buɗe ido.

"Da iska a cikin birkin," ya ce. "Tsohuwar nan ba za ta hau motar haka ba."

"Baba, maganar ranka ake!" in ji Malama.

"Nata fa?"

Malama ta dube shi, ta dubi Mama. Ta jefar da tayar ta koma kan kwali.

"Mama, shiga ki taka."

Mama ta shiga. Ta taka, Malama ta buɗe noti, kafin ta ɗaure Mama ta ɗage ƙafa don ta waiwayi mijinta. Malama na kallo man ya koma da baya cikin tiyo, ya ja iska ya shige.

"Mama! In kika saki kafin in ce, aikin ya koma farko!"

Ba ta taɓa ɗaga wa matar nan murya ba. Daga kujerar baya aka ji Baba, can ƙasa-ƙasa.

"Riƙe mana, tsohuwa. Shekara arba'in kina riƙe da ni, wannan ɗan ƙarfen ne zai gagare ki?"

Mama ta yi wani sauti, ba dariya ba, ba kuka ba. Ta danne birkin, ba ta ƙara waiwaye ba. Taka, riƙe, saki, har sau shida. A na bakwai man ya fito tas, babu kumfa ko ɗaya. Malama ta ɗaura taya, ta sauke jak, fatar yatsunta biyu ta sale ba ta ma ji ba.

"Ya yi tauri?" in ji Baba.

Mama ta taka. "Ya yi."

"To, mu je."

Kwana biyu ya yi a asibiti, a na uku da hantsi ya rasu.

Magana ta zaga layi: wai 'yar bokon nan ta tsaya wasa da sifana mutum na mutuwa. Malama ta ji. Kullum da safe sai ta ratsa mutanen layin da jakarta, kanta a sama, ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Amma in ta rufe ƙofarta sai ta zauna tana lissafa mintocin nan: goma sha ɗaya ne, ko sha biyu? Ta tambayi likita ko su ne sanadin rasuwar. Ya ce ba wanda zai iya faɗa mata.

Motar ta daɗe a ajiye, har ganye ya taru a gilashinta. Wata safiya Malama na kulle ƙofa ta ji an tayar da inji. Mama ce, ita kaɗai, ta matso da kujera gaba sosai, hannu biyu a kan sitiyari. Ta tsaya daidai Malama ta sauke gilashi.

"Zan je asibiti in mayar musu da sauran magungunansa. Wani zai amfana."

"In raka ki, Mama?"

"Yi tafiyarki makaranta, 'yata. Kada ki makara."

Motar ta gangara a hankali. A ƙarshen layi wata mata na tsallakawa da kaya a ka. Jajayen fitilun baya suka kama, motar ta tsaya cak, ta jira har matar ta wuce.