Ranar da Gwaggo Ta Hau Kujerata

Ranar da jikin Baba ya rikice a asibiti, na roƙi manajan gidan rediyonmu ya bar abokiyar aikina ta gabatar da shirin safe a madadina. Ko ɗaga kai bai yi ba. "Muryarki masu talla suka saya," in ji shi. Ina tsaka da gaishe da masu sauraro Baba ya cika. Ban yafe ba, ban kuma yi niyyar yafewa ba.

Bayan shekara, hukumar haraji ta turo wata jami'a ta tantance mu masu gabatar da shirye-shirye: ma'aikatan gidan ne mu, ko 'yan kwangila masu zaman kansu? In ma'aikata ne, harajin da aka daɗe ba a cire ba yana wuyan gidan. In 'yan kwangila ne, yana wuyanmu, ni kuwa ko gidan da Baba ya bar mana na sayar ba zan fita ba.

A ofishin Manaja ta zauna, ƙarƙashin fankar nan tasa mai ƙara. Ta tambaye shi wa ke tsara lokacin shiri, wa ke da kayan aikin, sannan ta nuna ni ta ce, "In ba ta samu zuwa ba, tana da ikon turo wani?"

"Ƙwarai kuwa, ranki ya daɗe! Duk wanda ta ga dama. Mu ina ruwanmu?"

Har da yi mini murmushi. Na ji kamar in kwaɗa masa kofin shayinsa, amma na danne. Jami'ar ta ce za ta dawo washegari ta ga aikin da idonta.

Daga nan kasuwa na wuce, rumfar Gwaggo, ƙanwar Baba, mai sayar da kwanuka. Kunnenta ɗaya ba ya ji, bakinta kuwa bai san hutu ba. Na kwashe komai na faɗa mata.

"Shi ne wanda ya hana ki ganin Yaya?" ta tambaya. "To, bar ni da shi, 'yar nan."

Da safe na shigo da ita, na ce yau maƙogwarona ba daɗi, ga wakiliyata. Manaja ya dubi Gwaggo, ya dubi jami'ar. In ya hana, ya ƙaryata kansa. Dole ya ce bismillah.

Mai kula da na'ura ya ɗora mata abin sauraro a kan ɗankwali, jar fitilar da ke nuna an fara watsa shiri ta kama. Gwaggo ta buga makirufo da yatsa.

"Ana ji na? To, jama'a, an ce in yabi sabulun nan. Ni dai na saya, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi har ya saɓule. Kowa ya yi ta kansa."

Sabulun nan shi ke riƙe da shirin. Manaja ya banko ƙofar ɗakin watsa shiri, gumi na tsiyaya daga haɓarsa.

"Tashi, tsohuwa! Kujerar nan ba mai hawanta sai wadda na ce, a lokacin da na ce! Ke kuma zo ki zauna, ko in kore ki yau!"

"Ɗan nan, ɗaga murya," in ji Gwaggo, "ta kunnen da ba ya ji kake magana."

Ya kuwa maimaita da ƙarfi, fitilar nan tana nan ja. Duk garin ya ji, balle jami'ar da ke tsaye bayan gilashi.

Hukunci ya fito cewa dukkanmu ma'aikata ne, nauyin ya koma kan gidan. Mai gidan rediyon bai yi wata-wata ba ya sallami Manaja, aka miƙo mini sanarwar in karanta bayan labarai. Na tarar da Manaja a bakin matakala, rungume da kwalin kayansa.

"Don Allah, ƙanwata," ya ce, "ki ce murabus na yi. Yarana suna sauraro."

Na shiga na zauna, na gyara makirufo. Na karanta yadda aka rubuta, a tsanake, sannan na maimaita saboda waɗanda suka kunna rediyo a makare.