Farin Hayaƙin Baba

Takardar sakamakon ta iso ofishina ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar cin gwinya, wato fanken garinmu, da shayi. Na karanta layin farko, na ajiye kofin. Na sake bin lambar da yatsa kamar 'yar firamare. Kashi ashirin da uku cikin ɗari na hayaƙin da ke fita daga bututun Gogo, in ji masu gwajin, hayaƙin kwal ne.

Gogo ita ce babbar tukunyar tururi ta masana'antarmu ta takarda, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da aka daina ba ta kwal. Ɓawon itacen turare take ci, wanda ake ɓarewa daga gungume kafin a markaɗa shi. Ni, Sizakele Khanyile, ni ke auna iskar da muke saki mai ɗumama duniya, kuma shekara uku a jere na sa hannu cewa Gogo ba ta ƙona ko ƙwayar kwal. A aikinmu bambancin ba ƙarami ba ne. Hayaƙin ɓawo ba a ɗora mana laifinsa, don itacen ya sha iskar yana girma, wanda aka dasa a gurbinsa kuma zai sake shanye ta. Na kwal kuwa sabon kaya ne da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa aka jibga wa sama. Da wannan rahoton nawa 'yan ƙasar waje ke yarda su sayi kwalinmu.

Da can daga sikeli nake aiki: tan kaza na ɓawo ya shiga, iska kaza ta fita, shi ke nan. Bana sai masu saye suka ce a ɗebi hayaƙin kansa a kai ɗakin gwaji. Ni ce ma na fi kowa rawar kai. Da ƙafata na hau tsanin bututun, ina cika baki cewa za su sha mamakin tsabtarmu. To, an sha mamakin, sai dai ni na sha.

Abin da ya sa na kasa ƙarasa gwinyar shi ne, shugaban masu kula da wutar Gogo mahaifina ne, Bhekuyise Khanyile. Shekara talatin da huɗu yana bakin wuta, saura wata bakwai ya yi ritaya. Dokar masana'anta kuwa a rubuce take a ƙofar ɗakin tukunya: duk wanda ya zuba wa wuta abin da ba a amince da shi ba, ranar zai ajiye hularsa ya tafi.

Na kai wa manaja, Mista Moodley, takardar. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, kamar laifin gilashin ne.

"Sizakele, ina Gogo za ta samu kwal? Ko buhu ɗaya ba mu saya mata ba."

"Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan, ranka ya daɗe. Kwalba biyu na aika, duk bakinsu ɗaya."

"To, ranar Juma'a nake so ki kawo mini dalili a rubuce, da sunan wanda ya yi. Kada ki ce mini aljanu ne."

Washegari na sa rigar ruwa na nufi filin ɓawo. Watan Janairu ne, tsakiyar damina a ƙasarmu, kwana tara ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ɓawon ya jiƙe sharkaf yana tururi. Na laɓe jikin rumfa ina kallon Shezi, direban katafilar da ke loda wa Gogo abinci. Ya kwaso ɓawo cokali huɗu ya zuba a kan bel ɗin da ke jan shi zuwa wuta. Sai na ga ya juya kan katafilar, ya zagaya bayan tsohon sito, inda wani tudu yake lulluɓe da ciyawa. Tun ina yarinya, in na kawo wa Baba abincin rana, nake ganin tudun nan, ban taɓa ɗaukarsa komai ba sai tudu. Shezi ya soka cokali a gindinsa ta ɓangaren da ba a gani daga hanya. Abin da ya ɗago baƙi ne wuluk, yana sheƙi a cikin ruwa.

Ban san lokacin da na fito na tsaya a gabansa ba. Ya taka birki, ya leƙo yana dariya.

"'Yar Baba, so kike in take ki in kwana a kurkuku? Matsa, Gogo na jin yunwa."

"Kawu Shezi, mene ne wannan?"

"Gishiri mana. Huɗu na ɓawo, ɗaya na gishiri. Ke da digirinki ba a koya miki girki ba?"

"Kwal ne fa."

"Ragowar na da ne, wanda aka bari tun zamanin da. Ba na kowa ba ne, ko a takarda babu shi. Ki tambayi tsoho, shi ya san ma'auninsa."

Na matsa masa ya wuce. Ba sata ba ce, ba ɓoyo ba ne. Mutumin nan da rana tsaka yake yi, yana fito. Shekara uku ina zaune a ofis mai fanka ina ƙirga abin da ya bi ta sikeli, alhali abin da bai bi ta sikeli ba yana wucewa ta bayan tagata.

Na sami Baba a kan bencinsa na ɗakin tukunya, yana dama phuthu, tuwon masararmu mai warwashi, da madara mai tsami a kwanonsa na roba. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

"A'a, Injiniya da kanta. Yau an tuna da talakawa? Zauna, akwai cokali."

"Baba, tun yaushe kuke zuba wa Gogo kwal?"

"Gishiri? Tun da aka juya ta daga kwal zuwa ɓawo. Jiƙaƙƙen ɓawo ba ya ci, 'yar nan. In ba ki taimaka masa ba sai ya yi ta tari, wuta ta kwanta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gari. Matan unguwa su shanya wanki fari su kwashe toka-toka, su bi mu da zagi har coci." Ya kai loma. "Da can kaɗan muke sawa, da damina kawai."

"Da can? Yanzu fa?"

Ya dube ni da murmushin mutumin da ya daɗe yana ɓoye kyauta.

"Yanzu ai 'yata ce mai auna hayaƙi. Ranar da aka ɗauke ki na tara yaran nan na ce musu, daga yau bututun nan ba zai ƙara yin baƙi ba, rani da damina. Ba za a ce 'yar Khanyile ta kama aiki gari ya cika da hayaƙi ba. Ki fita ki duba da idonki, fari fat kamar auduga. Ranar da kika hau tsani da kwalabenki kuwa, ninkawa na sa aka yi."

Na zauna a kan bencin. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, kunya ta fi su duka. Sau nawa muka ci abinci tare a gida, yana tambayata yaya aiki, ina ce masa lafiya lau, lambobi na kyau? Ban taɓa zama na gaya masa abin da nake aunawa ba. Na ɗauka tsohon mai hura wuta ba zai gane ba. Shi kuma shekara talatin da huɗu abin da aka koya masa ke nan: hayaƙi mai kyau shi ne wanda ido ba ya gani.

"Baba," na ce, "ba launin nake aunawa ba. Iskar da nake nema ba ta da launi. Ta ɓawo ba a ƙirga ta, ta kwal ce laifi. Duk rahoton da na sa wa hannu ƙarya ne."

Cokalin ya tsaya tsakanin kwano da bakinsa.

"Ƙarya kamar yaya? Hayaƙin fari ne."

"Farin ne matsalar."

Na yi masa bayani tun daga farko, a hankali, yadda ya kamata in yi shekara uku da suka wuce. Yana saurare, madarar na ɗiga daga cokali zuwa kan takalminsa. Da na gama ya juya ya kalli ƙofar wutar.

"Wato garin gyaran gira na tsone miki ido."

"Moodley na son suna ranar Juma'a. Zan rubuta cewa tsohuwar al'ada ce, ba a san wanda ya fara ba. Ko in ce ni ce ban bincika ba, ai gaskiya ne ma. Wata bakwai ne kawai, Baba."

"Sai su kori Shezi da yaran, ko su kore ki? Shezi 'ya'yansa biyar. Umarnina ya bi." Ya rufe kwanon. "Na sa kin yi ƙarya sau uku ba ki sani ba. Ta huɗu kike so ki yi da saninki, kuma a kaina? Ba da ni ba. Rubuta sunana, cikakke."

"Baba, don Allah."

"Na ce ki rubuta. Kuma ki goge fuskarki, yara na kallo."

Ya tashi ya ɗauki rediyon hannu ya kira Shezi, ya ce daga yanzu ɓawo zalla. Na ji Shezi ta cikin rediyon yana tambaya ko tsoho ya sha wani abu ne.

Ranar Alhamis na rubuta rahoton, na yaga, na sake rubutawa. Na sa nawa sakacin a sakin layi na farko. Na bayyana dalilin Baba dalla-dalla, na roƙi sassauci da duk kalmar da na sani. Moodley ya karanta a gabana ranar Juma'a, ya riƙe kai da hannu biyu. Ya ce shi ma tun yana ƙaramin ma'aikaci Baba ya koya masa duba wuta, amma masu saye za su tambayi matakin da aka ɗauka, kuma doka a ƙofa take. Ni aka ba ni takardar gargaɗi. Baba ya ajiye hularsa da ƙarfe uku, ya fita ta ƙaramar ƙofa, bai yarda kowa ya raka shi ba.

Ranar Lahadi bayan coci na je gida. Ruwa ya ɗan tsagaita. Na tarar da Baba a kan kujera a ƙofar gida da rigar cocinsa, ya fuskanci masana'anta. Bututun Gogo na aman baƙin hayaƙi mai kauri, iska na kwantar da shi a kan rufin unguwa. Maƙwabciyarmu MaZondi tana kwashe zannuwanta daga igiya tana kakkaɓewa.

"Khanyile, ka gani ko? Kwana biyu da tafiyarka sun lalata wuri. Ke kuma Sizakele, ba ke ce mai auna hayaƙin ba? Me ake biyan ki ki yi?"

Na jawo kujera na zauna kusa da Baba. Idonsa na kan bututun.

"Siza."

"Na'am, Baba."

"Wannan baƙin, a ma'auninki, shi ya fi kyau?"

"A nawa ma'aunin, e. Shi ya fi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Sai ya miƙe, ya tsallaka shingen, ya kama wa MaZondi bakin zane suna ninkewa, yana ba ta haƙuri.