Ranar Tunawa da Baba

Tun rasuwar Baba, Inna ce take kiranmu a waya idan ranar tunawa da shi ta matso. Goma sha biyu ga watan tara ce, a lissafin wata. Takan duba kalandar da ƙungiyar manoman tafarnuwa ke rabawa a garinmu Uiseong, ta kira mu ukun ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta mita har kunne ya yi zafi.

Yayanmu Deokhwan ne ya ce a daina. A Seoul yake aikin kwamfuta, ga shi babban ɗa, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Bara, muna naɗe tabarmi bayan an gama taron tunawar, ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mana wani jadawali: sunan kowa, adireshin imel ɗinsa, da ranaku. Kullum na'urar za ta duba, in saura kwana bakwai ta tura wa kowa saƙo da kanta.

"Inna, kin huta," ya ce. "Kada ki ƙara wahalar kiran kowa."

"Wa ya ce maka wahala nake sha?"

"Ai mu muke sha," in ji ƙanwarmu Malsun. "Minti arba'in kan ciwon gwiwa kafin a zo kan magana!"

Muka yi dariya, har da ni. Inna ta tattara kwanuka ta shige ciki.

Bana saƙon ya shigo mini ina garejina a Daegu: "Saura kwana bakwai a tuna da Baba. Kada a makara." Na sayi busasshen kifi. Ranar da aka ce, muka haɗu a ƙofar gidan Inna da la'asar, Yaya da kwalin 'ya'yan itace mai tsada.

Ba ƙamshin suya. Teburin da ake jera wa Baba abinci a kansa ranar tunawa yana jingine da bango. Inna na tsakar gida tana ɓare tafarnuwa.

"Inna, ba ki fara girkin ba?" Malsun ta tambaya.

"Na yi. Kwana goma sha ɗaya ke nan."

Yaya ya zaro waya. "Ba zai yiwu ba. Ga shi nan, yau ne."

"Yau ne a ofishinku, ranka ya daɗe. Ubanka da wata ya yi noma, da wata ya mutu."

Nan ya gane. Ranar da abin ya faɗa a kalandar ofis bara, ita ya rubuta, ya ce a maimaita duk shekara. Shi kuwa wata bai tsaya masa ba.

"To me ya hana ki kira?" Yaya ya ɗaga murya.

"Ka ce na huta."

Ta ba mu labari ba tare da ta ɗago kai ba. Kwana biyu tana soye-soye. Ta jera magarya da kifi, ta buɗe ƙofa, ta jira har miya ta huce. Sannan ta zuba wa Baba giyar shinkafa da hannunta, aikin da babban ɗa ke yi, ta durƙusa da wannan gwiwar da muke yi wa dariya.

Yaya ya yi ta zagin jadawalinsa, wai gyaran minti biyar ne. Ƙarya muke yi wa kanmu. Kwana goma sha ɗaya tsohuwa tana cinye ragowar abincin mutum goma ita kaɗai, kuma cikinmu ba wanda ya kira ya ji ko tana da rai. Da mun kira, da mun sani.

"Gyara abinka," Inna ta ce masa. "In tawa ta zo, ka saka ta a ƙarƙashin ta ubanka. Ko ta wata, ko ta ofis, duk ɗaya ne. Ba wanda zai zauna jiranku."

Ta miƙo mini kwano, ta ce in zauna in taya ta ɓara.