Jirgi Ba Ya Tashi Sai Ya Cika

Saƙon ya shigo wayar Naja'atu da hantsi, ana cikin ɗaure akwatinta a ƙofar gidansu a Ikara. Jirgin da zai ɗauke ta daga Kano zuwa Abuja an ɗaga tashinsa sai dare. Shi kuwa babban jirgin da zai kai ta Masar karatun likita, daga Abuja zai tashi bayan isha'i. Makarantar kuma ta riga ta ce duk wanda bai iso makon nan ba, za a ba wani gurbinsa. Dabara ɗaya ta rage, a kama hanyar Abuja da mota, yanzu-yanzu.

Maiwada, mahaifinta, ya ji komai, amma bai ce uffan ba. 'Yar fari ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, balle ya sa baki a sha'aninta gaban mutane. Maganarta tana hannun yayansa, Alhaji Iliyasu, wanda shi ke da motar, shi ke da babbar riga, shi ke da baki.

Alhaji ya taɓa zuwa Makka shekarun baya, kuma tun daga ranar ya zama malamin jirgin sama na duk zuriyarsu.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Jirgi ba ya tashi sai ya cika. Kujerarta ce, da sunanta. Mu da muka je, wani tsoho ɗan Paki ya zagaya bayan gida, sai da aka jira shi."

"Baba Alhaji, wannan fa ba jirgin alhazai ba ne," in ji Naja'atu a hankali.

"Ke kin taɓa shiga?"

Maiwada ya dubi ƙeyar yayan nasa, mai ninki kamar buhun da ba a cika ba, ya haɗiye abin da ya zo masa baki.

Alhaji da kansa ya ja motar. Tuƙinsa irin na mai rakiyar amarya ne, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waje yana ɗaga wa mutanen da ba su ma gan shi ba. A Makarfi ya tsaya rumfar wani abokinsa mai rake. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka koma aka sake tambayar gida.

"'Yata ce za ta Masar," in ji Alhaji da ƙarfi, don na rumfar gaba ma su ji. "Ni na tsaya mata."

Tsayawar da ya yi mata ita ce ta cikin hoto, ranar da aka yi walima. Maiwada ne ya sayar da masararsa tun ba ta bushe ba, don ya haɗa kuɗin tafiyar. Amma ya tsaya gefe kamar ɗan rakiya, yana kallo aka jibga damin rake a kan akwatin yarinyar, aka danne but ɗin motar da ƙyar. Alhaji ya kulle, ya jefa makullin a aljihu.

Da suka hau babban titin Zariya, Maiwada ya fara samun numfashi. Ba su yi nisa ba Alhaji ya karya kan mota ya ɗauki hanyar Kudan.

"Yaya, ina kuma za mu?"

"Wurin Goggo Fatsuma mana. A ce 'ya za ta ƙetare teku ba ta yi wa ƙanwar ubanmu sallama ba?"

"Da an kira ta a waya..."

"Waya? Goggon za a yi wa sallama ta waya, kamar mai sayar da taki? Kai dai Maiwada, har ka tsufa ba ka san girma ba."

Goggo Fatsuma ta yi murna har da hawaye, ta rantse ba mai fita sai an ci abinci. Zakaran da za a yanka kuwa yana kan katanga, aka shiga binsa gida-gida. Aka yi sallar azahar. Alhaji ya tuɓe babbar riga, ya miƙe a tabarma ƙarƙashin darbejiya, maƙwabta suka kewaye shi, ya ɗauko labarin tsohon nan ɗan Paki tun daga farko.

Maiwada ya dubi inuwa, ta fara karkata. Ya dubi yayan nasa, mutumin da ya yi kwana da kwanaki a sansanin alhazai yana jiran jirgi, ya dawo yana ba da labari kamar jirgin ne ya jira shi. Ya tashi kamar mai neman buta, ya shiga cikin gida.

'Yarsa tana zaune a tsakiyar mata, waya a hannu, idonta ya yi ja.

"Naja'atu."

Sai da ta waiga ta duba bayanta, don ba ta san sunan a wannan muryar ba. Wata ta rufe baki da mayafi.

"Fasfo da tikiti suna jikinki?"

"Suna jaka, Baba."

"Taso."

"Akwatina fa?"

"A Masar ma ana sayar da zani."

Ta ƙofar baya suka fita. Ya tare acaɓa biyu, suka miƙa har bakin babban titi. Motar Abuja ta farko da ta tsaya, ya saka ta kusa da wata mata mai goyo, ya ce wa direban amana ce, har filin jirgi. Bai iya yi mata wata nasiha ba. Ya dai tsaya har motar ta ɓace.

Ya dawo ya tarar an ci zakara, kuma labari ya riga shi isowa. Alhaji ya tashi zaune, hularsa a karkace.

"Ka kira sunan 'yar fari a gaban mata! Ka ɗauke ta ba da izinina ba! Wace irin fitsara ce wannan da furfurarka?"

Goggo tana ta salati. Maiwada ya tsuguna, ya ce a yi haƙuri, sau nawa ma bai sani ba. Hankalinsa yana kan titin Kaduna, yana bin kowane rami da kowane shingen jami'ai. Alhaji ya ce ba zai tuƙa mota da ɓacin rai ba, don haka suka zauna. La'asar ta wuce. Aka buɗe but aka ciro rake, akwatin yana ƙasa ya lotsa.

Bayan magariba wayar Maiwada ta yi ƙara. Kafin ya kai kunne Alhaji ya fizge, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Baba, na samu!" Tana haki. "Har sun fara rufe wurin karɓar mutane na iso da gudu. Ni ce ta ƙarshe."

Alhaji ya ɗaga wayar sama, ya juya yana duban maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

"To, kun ji da kunnenku ko? Ita ce ta ƙarshe! Sai da ta zo ya cika. Me na gaya muku tun safe?"

Aka yi ta gyaɗa kai. Wani ya ce lallai Alhaji ya san jirgi.

Maiwada ya jawo sandar rake, ya ɓare da haƙori, ya tauna sosai har ruwan ya ƙare. Sannan ya tofar da tuƙar can gefe, daidai inda Alhaji ya ajiye takalmansa.